Ɓangaren Alhaji a Rigimar Mutanen Ailan

A shekarar da China ta karɓi gasar Olamfik, mu 'yan kasuwar da ke Guangzhou muka koma kamar kaji a akurki. A Beijing ake gasar, can nesa da mu, amma mu muka sha wuyarta. Bizar da a da ake sabunta ta ba gardama, yanzu sai an kai ruwa rana. 'Yan sanda suna tsaye a gindin gadar Xiaobei suna tambayar fasfo, masana'antu suna jan ƙafa, kayan da aka yi maka alkawari yau sai a ce ka dawo bayan gasa. Ga zafi mai ɗanko, ga ruwan sama da ba ya sallama. Da an yi azahar kowa sai ya nemi ɗakinsa ya rufe.

Mu uku muke zaune a gida ɗaya, can saman wani dogon bene. Ni takalma nake saye a unguwar Sanyuanli ina aikawa Kano. Sai wani ɗan Maraɗi mai harkar lodin kwantena, mutum ne marar hayaniya, carbinsa ba ya barin hannunsa, kuma shi yake mana girki don ya fi mu iyawa. Na ukunmu shi ne Alhaji, dillalin shadda a Kantin Kwari, wanda ya girme mu kuma bai taɓa bari mun manta da hakan ba. Alhaji irin mutanen nan ne da in suka ji rabin magana sai su ƙarasa ta da kansu, gobe kuma su kafa hujja da ita. Tun ranar da ya ga ɗan Maraɗi yana sakin hannu a salla ya daina bin sa. Don haka a falon da bai fi shagon mai shayi girma ba, jam'i biyu ake yi. Ni wanda ya riga tayar da iƙama nake bi.

Wata rana Alhaji ya sauka wajen wata mata mai sayar da faifan sidi a gindin gada, yana neman na kokawar Turawa. Ta girgiza kai ta ce, “Meyo, lawban,” wato babu, maigida. Sai ta miƙo masa wani kwali da hoton mutum biyu sun shaƙe wuyan juna a kan akwatin gawa. Alhaji ya ga shaƙa, ya tabbata kokawa ce, ya biya ya hawo.

Ba kokawa ba ce. Wasan barkwanci ne na talabijin daga arewacin ƙasar Ailan, kashi-kashi, faifai da yawa. Turancinsu kamar ana tauna gyaɗa ana magana, fassarar da ke ƙasa kuma wanda ya yi ta a China Allah kaɗai ya san abin da ya ji. Da yake na ɗan taɓa koyarwa kafin in shiga kasuwa, sai aka ɗora mini tafinta. In tsayar da faifan, in mayar baya, in saurara, in faɗa musu da Hausa.

Labarin wani ƙaramin gari ne mai titi ɗaya. A titin akwai mutum biyu da sana'arsu shirya gawa da kai ta maƙabarta, shagunansu suna kallon juna. Ɗaya Katolika, ɗaya Furotestan, duk Kiristoci, amma ko gaisawa ba sa yi sai da zagi. Talauci ya sa suka haɗa kuɗi suka sayi motar gawa guda ɗaya. Gidajen hagu na Katolika ne, na dama na Furotestan, don haka suka shafa wa gefen motar ɗaya koren fenti, ɗaya gefen ruwan goro, kowace unguwa ta ga launinta. Tafiya lafiya lau. Dawowa ce matsala, don in suka juya motar kowa zai ga launin abokin gaba. Sai dai su dawo da baya da baya tun daga maƙabarta, ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya leƙo ta taga yana ba shi hannu yana tsine masa.

Ranar farko Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Muka ci gaba kullum bayan azahar, kuma a hankali muka soma gane mutanen. In mutum ya mutu ba a gaggauta binne shi, sai a shimfiɗe shi a falo, a cika gidan ana shan shayi da abin da ya fi shayi, ana ba da labarin abin kunyar da ya taɓa yi ana ƙyalƙyala dariya a kansa. Tsofaffin mata su ke mulkin gida, ƙato da gemunsa uwarsa za ta daka masa tsawa ya nutsu. Uwar Katolikan kullum tana yayyafa wa motar ruwan coci, matar Furotestan ɗin kuma tana bi da tsumma tana gogewa. In lokacin zafi ya zo, Furotestan su sa baƙar hula da ɗamara ruwan goro, su fito da manyan ganguna suna murnar wani yaƙi da aka ci tun kafin a haifi kakan kakansu, kuma ba inda suke son bi da gangunan sai ƙofar gidan waɗanda aka ci da yaƙin. Ba a tambayar mutum addininsa kai tsaye. Sai a tambayi sunansa, da makarantar da ya yi, da unguwarsu, shi ke nan an gama da shi.

Akwai wani kashi da baƙo ya faɗi a titi ya suma, ba takarda a jikinsa. Masu gawar nan biyu suka tare a bakin gadonsa a asibiti, kowa yana jira ya ga ko nasa ne. Da ya buɗe ido, maimakon su yi masa sannu, sai suka ce ya karanto musu haruffan Turanci. Ashe harafi na takwas ne ke tona asiri: Furotestan ya ce “ec”, Katolika ya ce “hec”. Mutumin ya kai na bakwai ya sake sumewa.

Wannan ne ya gama da Alhaji. Ya buga cinya ya ce, “Malam, ka ji fa! Harafi ɗaya! Kai, jahilci ba shi da launin fata.”

Daga nan ya zama shehin malami a kan ƙasar Ailan. A gidan abincin Musulmin China da 'yan Kano ke taruwa, ya kafa majalisa. Kafin a kawo taliya ya fara.

“Ku kuna ganin Bature kuna zaton wayewa. To ni na san su ciki da bai. Annabinsu ɗaya, littafinsu ɗaya, yarensu ɗaya, duk jajaye kamar an fere doya, amma bam suke sa wa juna. Mahaukata ne, wallahi. Mutum ya kashe ɗan'uwansa a kan yadda ake tsayuwa a coci!”

Wani ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Ya ce ba sai ya je ba, ai ya yi bincike. Binciken nan kuwa a gabana aka yi shi, yana kwance a kujera da singileti yana cin gyaɗa, ni ina masa fassara.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma wata rana aka nuno cikin gidan Katolikan, ga hotunan waliyyansu a bango, ga tsohuwar tana jan wani abu mai 'ya'ya tana motsa baki. Alhaji ya miƙe zaune. Ya dubi allon, ya dubi hannun ɗan Maraɗi, ya sake duban allon.

“Malam, tsayar. Wannan ba carbi ba ne?”

Na ce irinsa ne.

“Su kuma ɗaya ɓangaren fa?”

Na gaya masa abin da na fahimta, cewa su ba ruwansu da hotuna da waliyyai, sun ce littafi kawai za su bi, kuma asalinsu ma ɓallewa suka yi don suna ganin an cusa wa addinin abin da ba ya ciki.

Fuskar Alhaji ta soma washewa kamar ta wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha. “Ashe masu gyara ne,” ya ce. “To ai su ke da gaskiya.”

Ɗan Maraɗi bai ɗago ba. Ya ce, “Alhaji, mi ya kai ka rabon gaskiya cikin coci?”

“Ai dole ka ce haka. 'Yan'uwanka ne.”

Tun daga ranar kallon ya canza. Mutumin da jiya yake kiran su duka mahaukata, yau in Furotestan ɗin ya yi wa maƙwabcinsa mugunta sai ya tafa, in Katolikan ya rama sai ya ce zalunci ne, masu shirya wasan ma 'yan ɓangarensu ne. Ɗan Maraɗi da farko dariya yake yi, amma mai haƙuri ma yana da iyaka. Ranar da Alhaji ya kira shi “Katolika” a gaban baƙi, sai shi ma ya ɗauki ɓangare. In tsohuwar ta yayyafa ruwa sai ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon, ƙara mishi, iya.” Ni ina tsakiya da rimot, ina fassara zagin Turawa biyu ga Hausawa biyu da kowannensu ya ɗauka da shi ake.

Alhaji ya koma tsokanar harshensa. “Ce ‘tafi’ mu ji.”

“Ba ni cewa.”

“Ai ba za ka iya ba. ‘Tahi’ za ka ce. Ko suma ka yi na gane ka.”

Rigimar ta gangaro har kicin. Alhaji ya ce shi ba ya son ana haɗa masa ruwansa da ruwan da aka yi wa tofi, alhali gorar da yake nufi ruwan citta ce. Ya samo salatif ɗin da muke naɗe kwalaye da shi, ya raba firji gida biyu daga sama har ƙasa. Dama nasa, hagu na ɗan Maraɗi. Nawa kayan aka bar mini jikin ƙofa. Abincin da ɗan Maraɗi ya dafa kuwa bai daina ci ba, har da neman ƙari. Na lura aƙidar ba ta kai tukunya ba.

Ɗan Maraɗi Faransanci ya yi a makaranta, kuma da yake yawancin masu ba shi lodi 'yan Najeriya da Ghana ne, yana zuwa wani aji na koyon Turanci a kusa da titin Liuhua Lu. Wata rana ya dawo ya ce ashe malamarsu 'yar arewacin Ailan ce. Ya ba ta labarin motar mai launi biyu, ta yi ta dariya. Ta ce ita Katolika ce, mijinta kuma Furotestan, yana aikin duba ɗinki a masana'antun tufafi.

Alhaji ya tashi tsaye. “A gida ɗaya? To a kira su. A kira su su ci abinci, in ga yadda suke yi.”

Yadda ya faɗe ta, ka ce zakaru biyu za a kawo masa. Har ya riga ya sanar a majalisa cewa ranar Asabar zai haɗa Katolika da Furotestan a falonsa, kowa ya saurari labari.

Suka zo da rana. Matar gajeriya ce, furfura ta fara cin kanta, bakinta ba ya hutawa. Mijin dogo, ja kamar gauta, irin mutanen da sai ka yi musu tambaya uku su amsa ɗaya. Ta shigo da “nihau”, gaisuwar 'yan China, da sallamar da ɗalibinta ya koya mata. Ɗan Maraɗi ya yi shinkafa da miyar gyaɗa da naman rago. Alhaji ya sa babbar riga ta shadda mai ruwan goro, da gangan, ya kama hannun mijin ya zaunar da shi a damansa, ya tura matar can kusa da ɗan Maraɗi.

Turancin Alhaji na ciniki ne, bai wuce nawa ne da rage mini ba. Ya taɓa ni ya ce, “Malam, gaya masa ni ɗan ɓangarensu ne.”

Na faɗa. Mutumin ya tsaya da cokali a hannu ya ce, wane ɓangare?

Alhaji bai jira ni ba. Ya nuna rigarsa, ya kumbura kumatu, ya shiga dukan iska da hannu biyu yana “dum, dum, dum.”

Matar ta fashe da dariya har ta ƙware, sai da aka ba ta ruwa. Mijin ya ajiye cokali ya ce da ni, “Gaya masa na ƙetaro rabin duniya don in huta da gangar nan, ga ta ta riga ni hawa bene.”

Alhaji ya ɗauka yabo ne. Ya ce a sa su karanto haruffa. Suka biye masa, ita ta ce “hec”, shi ya ce “ec”, Alhaji ya yi ta tafi kamar ya ci caca. Sai ya gyara zama yana jiran a fara faɗan. Ba a fara ba. Mijin ma naman da ke gabansa ya tsame ya sa mata a faranti.

Ta ce ta san wasan, a gida kowa yana kallonsa, amma mahaifiyarta in aka sa sai ta tashi ta bar falon. Ɗan Maraɗi ya tambaye ta dalili da sabon Turancinsa. Ta ce saboda wanta. Yana saurayi ya yanke hanya ta wata unguwa da ba tasu ba, samari suka tare shi, suka tambayi sunansa ya yi ƙarya, suka tambayi makaranta ya yi ƙarya, sai suka ce ya karanto haruffa. Da ya kai na takwas bakinsa ya riga shi. Ya rayu, amma har yau kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma ba ya iya tauna nama. Ta faɗi wannan tana cin shinkafarta, ba ta canza murya ba.

Na fassara wa Alhaji. Ya ce, “Allah sarki. To tambaye ta, su wa suka fara?”

Ta ce ya danganta da ƙarnin da yake so a fara ƙirgawa. Sai ta ba mu labarin a taƙaice. Ingila ta mamaye tsibirin tun da daɗewa. Da mutanen arewa suka ƙi kwantar da kai, sai aka kwaso wasu daga ƙetaren ruwa, masu bin cocin sarki, aka zaunar da su a gonaki masu kyau, 'yan ƙasa aka tura su kan duwatsu. Daga baya kudu ta samu 'yanci, arewa ta zauna a ƙarƙashin Ingila, kuma a can aikin yi da gidan gwamnati da shiga ɗan sanda duk sai an duba wane ne kai. Ta ce mutane suna zaton a kan Paparoma ake kashe juna, alhali yawancin masu ɗaukar bindigar ko hanyar coci ba su sani ba. Cocin tambari ne kawai, kamar tsagen fuska, don a san wa za a hana aiki, wa za a tare a hanya. An yi sulhu kimanin shekara goma kafin zamanmu ɗin nan, amma katangun da aka gina tsakanin unguwanni suna nan.

Ni dai na gane inda ta dosa, don wanda ya girma a Kano ba sai an yi masa dogon bayani a kan tare hanya da tambayar suna ba. Kuma Baturen da ya shata musu iyaka shi ya shata mana tamu. Alhaji kuwa ba abin da ya dame shi sai hukunci. Ya juya ga mijin, mutuminsa, yana jiran ya ƙaryata ta.

Mijin ya ce gaskiya ta faɗa, sai dai bai cika ba. Mahaifinsa shagon kayan gini yake da shi, 'yan ɓangarenta suka tayar da shi da bam. Ɗan kawunsa ɗan sanda ne, a ƙofar gidansa aka harbe shi yana shirin kai 'yarsa makaranta. Ya ce kowa yana da jerin nasa, kuma kowa nasa kaɗai yake karantawa. Ranar aurensu ba uban da ya zo, nata ko nasa. Mahaifiyarsa ba ta taka gidansu ba sai bayan da tsohon ya mutu.

“To wa ke da gaskiya?” in ji Alhaji.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai ya je jana'izar ɓangare biyu, kuma ramin zurfinsa ɗaya.

Alhaji bai ji daɗin amsar ba. Ya sake dabara, ya ce a tambaye su wane coci suke zuwa ranar Lahadi, nasa ko nata. Mijin ya ce rabonsa da coci ya manta. Ita ta ce takan je lokacin Kirsimeti, sai kuma in an yi mutuwa. 'Ya'ya fa? Ta ce 'yarsu ɗaya ce, sun bar ta ta zaɓa in ta girma, ga shi ta girma tana jami'a, ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Na ga fuskar Alhaji tana sauka kamar buhun da aka huda.

Yaji ya kama ta, ta ce kada kowa ya tashi, ta nufi firji da kanta. Ta buɗe, ta tsaya. Ta bi salatif ɗin da ido daga sama har ƙasa, sannan ta kira ɗalibinta ta tambaye shi mene ne wannan.

Ɗan Maraɗi ya taso da carbinsa, ya nuna dama ya ce da Turanci, “Wannan, Alhaji.” Ya nuna hagu, “Wannan, ni.”

Ta ce ba duk Musulmi ba ne ku?

Ya ce duk Musulmi ne.

Ta kira mijinta ya zo ya gani. Suka tsaya su biyu a gaban firjin a buɗe, sanyi yana fita, suna kallon gorar ruwa biyu da kwalin madara biyu. Sai ta juyo ta ce, “To a cikinku wa ke da gangar?”

Alhaji ya ce, “Me ta ce, Malam?”

Na fassara masa kalma da kalma, ban rage ba. Ya ce in gaya mata wannan daban, wannan magana ce ta ilimi, ba za ta gane ba. Na gaya mata. Ta ce haka mahaifinta ma yake cewa.

Suka yi godiya, ta karɓi sauran miyar a roba, ɗan Maraɗi ya raka su lif. Ƙofa tana rufuwa Alhaji ya cire babbar rigar ya jefar a kujera.

“Ɓata lokaci,” ya ce. “Waɗannan ba su da kishin addini ko kaɗan. Mutum an tayar wa ubansa da shago, ya je ya auro 'yarsu, har yana sa mata nama a faranti! Ai na cikin faifan sun fi su mutunci, su aƙalla sun san abin da suke karewa.”

Na ce, “Alhaji, ba su ne mahaukatan ba?”

Ya ce in daina yi masa katsalandan, ni tafinta ne.

Bai ƙara zama kallon ba, ya ce wasan ƙarya ne, ba ya nuna ainihin mutanen. Ni da ɗan Maraɗi muka ci gaba har muka kai faifan ƙarshe. Da muka sa shi, sai ga wata mata 'yar China tana koyar da dafa agwagwa. Na mayar wa mai sidi, ta juya shi ta ce meyo. Har yau ban san yadda masu gawar nan suka ƙare ba. Malamar ta ce za ta ba ɗan Maraɗi labari, amma kafin a yi haka bizar mijinta ta ƙi sabuntuwa, suka tattara suka bar ƙasar.

Gasar ta ƙare, 'yan sanda suka ragu a gindin gada, kaya suka fara fitowa. Ɗan Maraɗi ne ya yi wa Alhaji lodin shaddarsa, ya kuma raka shi filin jirgi. Da ya dawo ya ɓare salatif ɗin, amma ya bar tabon gam a jikin firjin da muka yi ta kankara bai fita ba, sai da mai gidan ya yi mana faɗa a kansa.

Bayan wasu shekaru na shiga Kantin Kwari neman yadin sallar yara. Tun daga bakin layi na jiyo muryar. Yana zaune a kan dilar shadda, ya ƙara ƙiba, mutane sun kewaye shi.

“A gabana, a falona! Katolika da Furotestan, mutanen da shekara ɗaruruwa suna yanka juna. Na zaunar da su, na yi musu nasiha, na ce ku ji tsoron Allah. Wallahi kafin su tashi mijin da hannunsa yake ba ta nama. Har kuka matar ta yi.”

Kukan dai na yaji ne da ƙwarewa. Wani matashi ya tambaye shi ita Ailan ɗin a ina take. Ya ce can saman Rasha, duk ƙanƙara ce, shi ya sa zuciyarsu take da tauri. Yana cikin haka ya hango ni. Ko gezau bai yi ba, sai ma ya washe baki ya ɗaga hannu.

“Yauwa, Allah ya kawo shaida! Ga Malam nan, shi ya yi tafinta. Malam, a gabanka aka yi ko ba a gabanka ba?”

Duk suka juyo suna kallona. Na ce, “An ci shinkafa da miyar gyaɗa a gabana, Alhaji.”

Ya ce, “Kun ji ko!” Ya sa aka kawo mini kujera da lemo mai sanyi, ya ci gaba daga inda ya tsaya.